Yadda Ake Shayar Da Inji Man Juye Kafin A Tayar Da Shi Karon Farko

Duk makanikin da ya taɓa haɗa inji a Sana'iyyar Jidda, unguwar garejoji, ya san wannan lokacin. An ɗaure noti na ƙarshe, an mayar da inji mazauninsa, an zuba mai da ruwa, mai mota kuma yana tsaye a kanka da makulli a hannu. Sati biyu ke nan Hiace ɗinsa ba ta kai fasinja ko ɗaya Makka ba, ga azumi ya ƙarato, lokacin da masu Umara suke cika hanya. Sai ka ji ya ce, "Mu'allim, a buga mata mu ji mana." A wannan gaɓar ake cutar da injuna da yawa tun ba su yi tafiyar kilomita ɗaya ba. Injin zai tashi, ya yi ƙara mai daɗi, mai mota ya biya ya tafi yana sa albarka. Bayan wata biyu ko uku sai ga shi ya dawo da ƙwanƙwasa a ƙasan inji, a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, ko mai makharaɗa, wato mai goge bulo da kiranshaf, ko mai sayar da kaya.

Ga abin da yake faruwa a ciki. Kiranshaf ba ya kwanciya a kan metal, wanda Larabawa suke kira sabayik. Yana yawo ne a kan wani siririn mai da famfo yake turawa tsakaninsu. Ratar da take wurin a yawancin ƙananan motoci ba ta wuce milimita 0.025 zuwa 0.075 ba, wato kaurin silin gashi ko ƙasa da haka. Sabon haɗi kuwa duk hanyoyin mansa iska ce a ciki: famfo iska, filta iska, kula mai sanyaya mai iska, jijiyoyin da aka huda a cikin bulo su ma iska. Inji idan ya tashi a sanyi yakan yi zagaye kamar 1,200 a minti, wato 20 a kowace daƙiƙa. Idan mai ya ɗauki daƙiƙa 20 kafin ya iso, kiranshaf ya yi zagaye 400 ƙarfe a kan ƙarfe, fistin yana dukansa daga sama. Abin da ya kankare a wannan ɗan lokacin ba ya dawowa.

Shayarwa ita ce ka cika waɗannan hanyoyin da mai, ka ga firesha da idonka, tun wuta ba ta kama a silinda ba. Ba injin da aka yi wa tawdib, wato aka kwance shi aka sake haɗawa, kaɗai yake bukatarta ba. Injin da ka sayo daga tashlih na Buraiman, wato wurin sayar da kayan tsofaffin motoci, wanda ba ka san watannin da ya yi a rana ba, shi ma yana bukata. Haka motar da mai ita ya tafi gida Kano ko Damagaram ya shekara bai dawo ba.

Tun inji yana buɗe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin aikin a kan teburin haɗi ake yin sa. Kowane metal, na kiranshaf da na konrod, da wuyan kamshaf da tozayensa, da tafet, da kan roka, ka shafa musu man haɗi, wannan mai danƙon da ake sayarwa a ƙananan robobi a shagunan kayan gyara. Shi ne zai riƙe wurin kafin man juye ya iso. Bangon silinda da ringi kuwa man juye zalla za ka shafa, kaɗan, domin ringi yana bukatar ya ɗan ci bango kafin ya zauna.

Famfon mai kada ka ɗaura shi a bushe. Haƙora ne suke juyawa a cikin gida, kuma sai da laimar mai a tsakaninsu suke iya zuƙo wani man daga kasko. Zuba masa mai ta mashiga, ka juya da hannu har ya fito ta ɗaya gefen. Idan ka san injin zai yi kwanaki kafin a tayar, cika tsakanin haƙoran da man basilin, shi ba ya tsiyayewa, kuma yana narkewa cikin man juye da zarar ya ji zafi. Giris na ƙafa ban yarda da shi a nan ba ko kaɗan, ba ya narkewa, yana iya zuwa ya toshe wata ƙaramar hanya.

Sai ka duba abu uku da suka fi jawo kuka. Robar bakin bututun da yake zuƙo mai daga kasko: in ta tsufa ko ta tsinke wajen ɗauri, famfo zai riƙa haɗa mai da iska. Silikon: a shafa shi da awo, domin wanda ya yi yawa ciki yake faɗawa, ya je ya liƙe a rariyar bututun. Sannan kulan mai: idan metal ne ya narke a injin tun farko, garin ƙarfen yana nan maƙale a cikinsa, a canja shi ya fi a wanke.

Akwai na huɗu, wanda ya taɓa faruwa da ni. Masu makharaɗa sukan kwance ƙananan toshiyoyin da suke bakin jijiyoyin mai domin su wanke bulo, kuma ba kullum suke mayarwa ba. Na karɓo bulon wani tsohon Jims, wato GMC, na haɗa shi tsaf, ban ƙirga toshiyoyin ba. Da na zo shayarwa, allurar agogo ta ƙi ɗagawa, ina kuma jin mai yana kwarara yana komawa kasko ta bayan murfin tayimin. Toshiya ɗaya ce babu. Da yake injin yana kan ƙarfen haɗi, aikin awa ɗaya ya ci mini. Da a ce makulli na murɗa, da sabon kiranshaf ɗin dattijon da yake da motar ya tafi, shi kuwa da wannan motar yake ciyar da gida biyu. Tun ranar nake ƙirga su da yatsa, in sa yaron gareji ya sake ƙirgawa a gabana.

Mai, filta da agogo

Zuba man da kamfanin motar ya rubuta, daidai adadinsa. Na san yadda mutanenmu suke son 20W-50 saboda zafin ƙasar nan, suna ganin kauri shi ne ƙarfi. Ga tsohon inji mai faɗin rata babu laifi. Amma injin zamani irin 2TR na Hilux da Hiace yana da ƙananan hanyoyin da mai kauri yake daɗewa bai ratsa ba, kuma ranar farko saurin isowar mai muke nema.

Filta, wato sifon a bakin mutanen nan, idan a tsaye take bakinta yana kallon sama, cika ta da mai kafin ka ɗaura. Ta ƙananan hudojin gefe za ka zuba, ba ta babbar hudar tsakiya ba, domin abin da ya shiga tsakiya kai tsaye yake wucewa wurin metal ba tare da an tace shi ba. Wannan ne ya sa wasu kamfanonin manyan injunan dizal suka hana cika filta gaba ɗaya. Idan ranar ana ƙura, ko mazurarinka ba shi da tsabta, bar ta haka nan, shayarwar za ta cika ta. Shafa mai a robar bakinta, ka ɗaure da hannu.

Yanzu abin da ba na sassauci a kansa: agogon firesha na hannu, mai allura da tiyo. Kwance suwic ɗin mai daga jikin bulo ka ɗaura agogon a gurbinsa. Jar fitilar nan mai hoton buta ba shaida ba ce. A yawancin motoci tana mutuwa da firesha ta kai kamar rabin bar ko ƙasa da haka, abin da ba zai riƙe inji a kan hanya ba. Gani ya kori ji. Makanikin da yake tawdib ba shi da wannan agogon, gara ya aro a maƙwabta.

Daga nan hanya ta rabu uku, kuma abin da yake juya famfon mai a injinka shi zai nuna maka wadda za ka bi.

Idan distiribita ce take juya famfo

Wannan ita ce hanyar tsofaffin Jims da Chevrolet masu inji 350, wato lita 5.7, irin Suburban ɗin da suka yi shekaru suna jigilar alhazai. A cikinsu kamshaf yana juya distiribita, da ake ce wa dilko a nan, ita kuma ƙasanta yana juya famfon mai. Saboda haka kana iya juya famfon shi kaɗai, inji yana tsaye cik. A ganina babu hanyar da ta kai ta kyau, domin famfon injin kansa ne yake aikin, ta bututunsa, daga kaskonsa. Duk wani aibi da yake wurin zai bayyana.

Kawo fistin na ɗaya sama a bugun matsewa, ka yi alama, sannan ka zare distiribita. Nemi wata tsohuwa a tashlih, ka goge haƙoran giyarta sarai yadda ba za ta kama kamshaf ba, ka cire kayan samanta har sandar ta fito yadda dirila za ta kama. Wasu sukan soka doguwar sukundireba kawai. Za ta juya famfon, amma a wannan injin gangar jikin distiribita ita ce take rufe jijiyar man tafet ta gefe ɗaya, in babu ita man zai zube ciki, rokokin wannan gefen su zauna a bushe kana ta mamaki.

Cire murafan saman inji biyu. Kama sandar da babbar dirila, mai bakin milimita 13, domin ƙarama za ta ƙone. A Chevrolet juyin dama ake yi, yadda hannun agogo yake tafiya. A tsofaffin Ford masu silinda takwas irin 302 juyin hagu ne. Da farko dirilar za ta yi gudu babu nauyi. Can sai ka ji ta yi nauyi tana neman murɗe maka hannu, to mai ya kama ke nan, riƙe ta da hannu biyu. Allura za ta tashi, sau da yawa ta kai bar 3 ko 4 da mai mai sanyi.

Kada ka tsaya a nan. Hudojin kiranshaf da na tafet ba sa fuskantar jijiyoyin mai a lokaci ɗaya. Sa yaro ya juya kiranshaf da sifana kwatan zagaye, ka ba shi minti ɗaya da dirila, ya ƙara kwata, haka har zagaye biyu cikakku, wanda zai dawo da ku kan alamarku. Idonka yana kan roka. Guda 16 ne, kuma kowanne sai ka ga mai ya tsattsafo a kansa. Wani yakan yi jinkiri, a yi haƙuri da shi. Wanda ya ƙi sam, zare sandar turinsa ka busa, wataƙila a toshe take. Dirila in ta yi zafi a bar ta ta huta.

Idan kiranshaf ne yake juya famfo

Jims ɗin da suka fito daga wajen shekarar 2000, masu 5.3 da 6.0, ba su da distiribita, famfonsu a hancin kiranshaf yake. Haka 2TR da mafi yawan injunan Toyota, Nissan da Hyundai na yanzu. A nan dirila ba ta da wurin kamawa, sai a tura man daga waje.

Ana sayar da tankin da aka yi domin wannan aikin. In babu, sabon famfon feshi na lambu yana yi, wanda ba a taɓa zuba masa magani ba, a sa masa tiyo mai tsabta da kan da zai ɗauru a jikin bulo. Zuba lita 2 ko 3 daga cikin man da aka ƙayyade wa injin, sauran kuma a kasko, don kada ya yi yawa a ƙarshe. Ɗaura tiyon a hudar suwic ɗin mai, ko a wata toshiyar babbar jijiya. A injin 5.3 akwai ɗaya a gaban bulo ta gefen direba. In ka sami huda biyu, ɗaya tanki ɗaya agogo, ya fi.

Ba shi iska bar 2 zuwa 3, ka buɗe a hankali. Za ka ji iska tana fita ta saman inji tana huci, sannan mai ya biyo. Yaro yana juya kiranshaf kwata-kwata kamar yadda na faɗa, kai kana leƙen kamshaf ta bakin zuba mai ko ta murfin da ka cire. Abin kiyayewa ɗaya ne: rufe tiyon tun man tankin bai ƙare ba. In ya ƙare, iska za ka tura ta kore man da ka sha wahalar shigarwa.

Wannan hanyar tana cika jijiyoyi da filta, amma ba ta gwada maka ko famfo yana zuƙowa daga kasko. Don haka bayan ka gama, ka ɗan bi da hanya ta uku na daƙiƙa kaɗan ka ga allura ta motsa da ƙarfin famfon kansa.

Juyawa da kik, babu wuta babu fetur

Ita ce aka fi yi a garejojinmu, ita ce kuma mafi rauni, domin inji yana juyawa kafin mai ya iso. Amma idan an shafa man haɗi sosai, an kuma cire wa injin nauyi, tana wadatarwa.

Cire fulogi duka, yadda babu matsewar da za ta danna metal. Zare fiyus na famfon fetur da na nozul, ka cire sokat ɗin koyil. Kada ka yi ɗaya ka bar ɗaya: fetur yana fesowa ta ramin fulogi, tartsatsi yana kusa, gobara ke nan, ga shi kuma fetur ɗin yana wanke man bangon silinda. A tsohon dizal irin 1HZ na Land Cruiser da Coaster, cire wayar solanoyid ɗin yanke mai a jikin injekta, ka kwance hita. A dizal na zamani irin 2KD, sokat ɗin nozul za ka cire, daga baya ka goge lambar da kwamfuta za ta rubuta. Bututun ƙarfen nozul kuwa kada ka sassauta shi inji yana juyawa, fireshar da take ciki tana iya haura bar 1,000, tana huda fatar mutum.

Injin tashlih ko wanda ya daɗe a ajiye, ɗiga masa kamar ƙaramin cokali na mai a kowane ramin fulogi, ka juya shi da sifana zagaye biyu tukuna. In ya cije a wani wuri, tsaya ka bincika, kada ka sa kik ya tilasta shi.

Batir ya zama cike. Buga kik daƙiƙa 10 zuwa 15, ka huta minti ɗaya ya sha iska, ka sake. Yawanci a bugu na biyu ko na uku fitila za ta mutu, allura ta ɗaga zuwa bar 1 ko fiye. Ƙara bugu ɗaya bayan haka domin man ya hau sama. Idan ka yi huɗu ko biyar allura tana kwance, daina. Ci gaba da bugu share man haɗi kawai yake yi. Sassauta filta ka ga ko mai ya iso wurin. In bai iso ba, matsalar tana famfo ko bututunsa: ɗura mai da sirinji ta hudar da take zuwa daga famfo, ka sake gwadawa sau ɗaya. In ya ƙi, a sauke kasko.

Inda ba na bin wannan hanyar shi ne tsohon inji mai sabon kamshaf da tafet masu shafaffen ƙasa, irin tsohon 350. Juyin kik a hankali yana goge man da aka shafa wa tozayen, su kuma da fantsamar mai suke rayuwa, wadda sai inji yana gudu ake samunta. Wannan dirila ce maganinsa.

Tarbo kuma a ba shi nasa daban. Sandarsa tana zagaye sama da 100,000 a minti, daƙiƙa kaɗan a bushe sun isa su lalata ta. Kwance bututun man da yake shiga ta sama, ɗura mai mai tsabta, ka juya fankar da yatsa. Bar bututun komawa a kwance da gwangwani a ƙarƙashi har ka ga mai ya zubo lokacin kik, sannan ka ɗaure.

Tayarwa

Ranar da ka shayar, ranar za ka tayar, in son samu ne cikin awa ɗaya ko biyu. A zafin Jidda mai yana tsinkewa ya gangara kasko da wuri. In an kwana biyu, a sake.

Duba sandar awo ka cika abin da ya ragu, domin filta da kula sun sha nasu. Mayar da fulogi da fiyus da sokat. Tabbatar da ruwa da tayimin tun yanzu, don injin ya kama a bugun farko. Agogo yana nan a ɗaure. Mutum ɗaya a kan makulli, ɗaya idonsa a kan allura, ɗaya da tocila a ƙarƙashi yana neman yoyo. Mai mota in yana wurin, a ce masa, "Alhaji, don Allah ƙafarka ta yi nesa da totur." Sauri ya haifi nawa, kuma direba hannunsa da ƙafarsa sun saba.

Da ya tashi, allura ta hau cikin daƙiƙa biyar. In ba ta hau ba, kashe nan take, ba a jira a ga ko za ta gyaru. Tafet na iya ɗan kaɗawa na minti ɗaya ko biyu kafin su cika, wannan ba komai. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa kuwa kashewa ake yi. Tsohon ma'aunin makanikai shi ne kamar bar 0.7 ga kowane zagaye 1,000 idan inji ya yi zafi, amma littafin motar shi ne alƙali. Ka jira har fanka ta tashi ka ga inda allura ta tsaya a silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, domin mai sanyi yana ɓoye aibi, mai zafi ne yake tona shi.

Mai sabon kamshaf da shafaffun tafet ba a barin sa a silo. Da ya kama, a kai shi zagaye 2,000 zuwa 2,500, ana ɗan hawa ana sauka, na minti 20 zuwa 30, ana lura da zafin ruwa. Sauran injuna a bar su su ɗumama a hankali, a kashe, a jira minti biyar, a sake duba sandar awo da ƙarƙashin mota, sannan a kwance agogo a mayar da suwic.

Mai mota kuma a gaya masa a fili: kwanakin farko ban da cika kaya, ban da hawan Hada zuwa Ɗa'ifa da fasinja maƙil, ban da barin ta a silo awa guda da AC a bakin masallaci. Ya dawo juye bayan kilomita 500 zuwa 1,000. Ranar kada ka jefar da filtar. Yanka ta da abin yankan bututu, ba da zarto ba, don garin zarton zai ruɗe ka, ka warware takardar ciki a rana. Ɗan ƙyalli mai laushi kamar hoda na zaman ringi ne. In ka ga ɓarɓashi ja-ja mai launin tagulla, ko farare masu faɗi da yatsa yake ji, motar ba za ta fita ba sai an sauke kasko an buɗe metal an duba.